Tsumma Ba Shara Ba Ne: Ɗinka 'Yar Tsana da Kayan Wasan Yara a Gida

Jawabi ga ƙungiyoyin mata, da teloli, da malaman makarantun ƙananan yara



Duk wanda ya bi ta layin teloli da magariba, a Kano ne ko a Aba ko a Ibadan, abu guda zai gani. Yaron shago ya share ƙyallayen da almakashi ya zubar tun safe, ya tara su a bakin ƙofa, sa'an nan ko dai ya cinna musu wuta, ko ya tura su cikin kwata. Waɗanda aka ƙone su turnuƙe unguwa da hayaƙi mai wari, musamman in akwai lailan a cikinsu. Waɗanda aka tura kwata kuwa su je su haɗu da ledoji su toshe magudanar ruwa, sai damina ta sauka a yi ta kukan ambaliya. A cikin gidaje kuma ga tsofaffin zannuwa da rigunan da suka yi wa yara kaɗan jibge a ƙasan akwati, ba a sa su, ba a kuma iya bayar da su don sun koɗe. A wannan unguwa dai, in Salla ko Kirsimeti ta matso, za a ga magidanci tsaye gaban mai tebur yana cinikin 'yar tsanar roba wadda aka ƙera a wata ƙasa mai nisa, aka biya mata kuɗin jirgi da na kwastan kafin ta iso, wadda kuma da wuya ta yi mako biyu a hannun yarinya ba ta rasa hannu ko kai ba. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a nuna yadda abin da ake zubarwa da magariba zai iya biyan bukatar da ake kashe wa kuɗi ranar jajibere.

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin kakanni ƙananan 'yan mata suna yin ta da karan dawa, ko da ƙashin ƙafar rago, ko da yumɓu, su naɗe ta da ƙyalle, su yi mata kitso da zare, su goya ta da ɗan majanyi su bi iyayensu mata zuwa ɗakin girki. Har biki ake yi mata. 'Yar tsanar wannan ita ce amarya, ta waccan ita ce ango, a jera kayan ɗaki da murafan kwalba da gwangwanaye, a dafa tuwon ƙasa, a yi guɗa. Babba ya wuce ya yi dariya, alhali kuwa a nan ne yaran suke koyon wa ke magana a taro, wa ke kawo gudummawa, da yadda ake sulhu in an ɓata. Yara maza su ma suna da nasu, motar kara da ta langa-langa. A nan ya kamata a yi wata 'yar togiya, tun da jawabin na dukan ƙasa ne: sassaƙen tagwaye na Yarabawa da ake kira ere ibeji, da akuaba na Asante a Ghana, ba kayan wasa ba ne, suna da nasu matsayi a al'adun masu su, kuma ba su ake nufi a nan ba.

Ta tsumma ma tsohuwa ce ƙwarai. A Gidan Tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai wata 'yar tsana da aka tono a ƙasar Masar, ta zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 5 bayan haihuwar Annabi Isa. Da ƙyalle aka ɗinka ta, aka cusa mata tsummoki da ɓawon wata ciyawar bakin kogi wadda Misirawa ke yin takarda da ita. Mai yiwuwa wadda ta ɗinka ta ba ta sayi kome ba sai allura.

Akwai iyaye Musulmi da yawa waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da 'yar tsana ba saboda hukuncin sura da mutum-mutumi, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Abin da ya zo a littattafan hadisi shi ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Haka kuma an ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa matan Madina sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har lokacin buɗa baki. A kan waɗannan ne malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Wasu malaman sun fi son a bar fuskar babu ido babu baki. Wanda ya bi wannan ra'ayi bai rage wa ɗansa kome ba, domin yaro shi ke ba 'yar tsanarsa fuska a cikin ransa, yau tana dariya gobe tana zazzaɓi. Kiristocin Amish na Amurka ma an san su da ɗinka 'yan tsana marasa fuska. Amfanin ɗinkin gida ke nan: uwa ita ke yanke abin da zai shiga hannun ɗanta, bisa abin da malaminta ya karantar da ita.

Abin da wasu ƙasashe suka yi da tsummansu

A wani ƙaramin gari mai suna Giengen a ƙasar Jamus an yi wata tela, Margarete Steiff, wadda shan inna ya kama tun tana jaririya, ta yi rayuwarta a keken guragu, hannunta na dama kuma ba shi da ƙarfi. A shekarar 1880 ta ɗinka wata 'yar giwa don mata su riƙa soka allurai a jikinta. Yara suka ƙwace ta suka mai da ita abin wasa. Daga wannan 'yar giwa kamfanin Steiff ya tashi, ana kuwa sayar da kayansa a ƙasashen duniya har yau. Wata Bajamushiyar, Käthe Kruse, ta yi wa 'yarta 'yar tsana ta fari a 1905 da tawul da yashi, ta sa dankalin Turawa a matsayin kai, daga baya ita ma sunanta ya zama sunan kamfani. Kome ƙanƙantar allura, in ji Hausawa, ƙarfe ce.

Matsi ma ya koya wa mutane. Cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matan karkara suka koma ɗinka riguna da 'yan tsana da buhunan gari na auduga, har masu niƙa suka lura, suka shiga buga furanni a jikin buhunan, wasu ma suka buga surar 'yar tsana wadda za a yanka a ɗinka. A Ingila an taƙaita sayen tufafi daga 1941 zuwa 1949 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1943 Ma'aikatar Watsa Labaru ta ƙasar ta buga ɗan littafi mai koya wa jama'a faci da gyaran tsofaffin kaya. Yaran Ingila da yawa na wancan zamani da tsohuwar safa da guntun bargo aka yi musu kayan wasa.

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Ikko, har masaƙu suka zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Waccan masaƙa ta fari ta rufe a 2002, yawancin sauran ma sun bi ta. Amma yadin da suka saƙa bai ƙare ba, yana nan a akwatunan iyaye da kakanni, auduga zalla, mai kauri, wanda wanki ya riga ya tausasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ban da wannan ga gwanjo, wanda mutanen kudu ke kira okirika, yana shigowa dila-dila, kuma a kowace dila akwai abin da ba ya sayuwa. A kasuwar Kantamanto ta birnin Accra ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma a bola suke ƙarewa. Duk wanda ya san Ƙofar Wambai a Kano ya san irin wannan ragowa.

Zaɓen ƙyalle da tsabtace shi

Ba kowane tsumma ne ya dace ba. Auduga ita ce gaba: atamfa, da akoko, da alawayyo, da tsohuwar shadda, da zanen gado, da tawul. Lailan da danginsa a bar su ga kwalliyar waje in ma za a yi amfani da su, domin in wuta ta taɓa su narkewa suke yi su manne a fata. Kafin a sa almakashi a kama ƙyallen da hannu biyu a ja da ƙarfi. In ya yi ƙara ya tsage, ya ruɓe ke nan, aikin da za a yi a kansa asara ne. Sa'an nan a jiƙa farin ƙyalle a goga a jikinsa. In launi ya fito, to zai fito a bakin yaro, gama ƙaramin yaro ba ya sanin abu sai ya kai shi baki. Baƙin rini na karofi, duk da kyansa, yana cikin masu zuba, sai an wanke shi sau da yawa.

Akwai kuma abin da bai kamata a yanka ba ko kaɗan. Tsohuwar babbar riga mai aska takwas ko aska biyu wadda aka yi wa aikin hannu, da saƙi, da tsamiya, da luru na gado, da tsohon aso oke ko akwete na biki, waɗannan tarihi ne, wasunsu masu saƙa irinsu sun ƙare. Wanda ya gaji irin wannan ya adana, in ba shi da wurin ajiya ya nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Yanka rigar kaka don a yi 'yar tsana ɓarna ce, ko da 'yar tsanar ta yi kyau.

Wanki shi ne rabin aikin. Tsohon tufafi, balle wanda ba a san mai shi ba, yana iya ɗauke da ƙwarƙwata, da kuɗin cizo, da ƙwayoyin ƙazuwa ko makero. A wanke shi da sabulu da ruwan zafi, in auduga ce a tafasa ta, a shanya a rana mai ƙarfi har ya bushe ƙayau, sa'an nan a bi shi da dutsen guga ciki da waje. Abin da aka fi mantawa shi ne kafur, watau farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati don korar asu da kyankyasai. Likitoci a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Akwai yara, galibi maza, waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma ba su da kaɗan a Nijeriya. Irin waɗannan yara in sun shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsu, ƙwayoyin jininsu na iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama su, a jariri kuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk ƙyallen da ya kwana da kafur a wanke shi a shanya har warin ya fita sarai. In ya ƙi fita a haƙura da shi.

Yanka da ɗinki

Kayan aikin ba su wuce abin da ke cikin kowane gida ba: allura, zare mai ƙarfi, almakashi, alli ko guntun sabulu na zane, da kwali. Keken ɗinki yana sa sauri, amma rashinsa ba ya hana aiki.

Mai koyo ta fara da 'yar tsana mai tsawon inci 12, watau santimita 30. Wadda ta fi wannan ƙanƙanta wuyar juyawa gare ta, wadda ta fi ta girma kuwa cin abin cusawa gare ta. A ninka takarda biyu a zana rabin surar a jikin ninkin, a yanka, a buɗe, sai gefe biyu su fito daidai. Kai ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon, domin babban kai shi ke ba ta kamannin yaro. Hannuwa da ƙafafu a yi su da kauri, kada faɗinsu ya gaza inci 1 da rabi, wuya kuma ya zama gajere mai faɗi. Kusan duk mai koyo siririn wuya take zanawa, sai an gama a ga kai yana lilo kamar na kazar da aka yanka. In surar ta yi daidai a kwafe ta a kan kwali a ajiye, ita ce jarin sana'ar.

A shimfiɗa ƙyalle biyu, fuska na kallon fuska, a ɗora kwalin bisa tsawon zaren yadin, a zana, a yanka ana barin tazarar santimita 1 daga layin. Sai a ɗinka a kan layin da irin ɗinkin da allura ke komawa baya kafin ta ci gaba, ƙanana-ƙanana, a bar ƙofa mai faɗin yatsu uku a gefen ciki. Hammata da wuya da tsakanin ƙafafu a bi su sau biyu, nan ne yara ke ja. Kafin a juya, a ɗan tsattsaga bakin ƙyallen a duk inda ɗinki ya yi kwana, ba tare da an taɓa zaren ba, in ba haka ba wurin zai tattare. A juya ta ƙofar, a tura hannuwa da ƙafafu da gindin fensir.

Wajen cusawa, mafi araha kuma mafi aminci shi ne ragowar ƙyallayen da kansu, a yayyanka su ƙanana kamar farce. Audugar gida ma tana da kyau in an cire mata gurya tsaf. Audugar rimi, wadda aka saba yin matashin kai da ita, ba ta da nauyi, sai dai wuta na kama ta nan da nan, don haka ba ta dace da gidan da yara ke wasa kusa da murhu ba. Gutsattsarin soson katifa in ɗinki ya ɓalle yaro zai tsinta ya haɗiye. Gero da shinkafa da wake da garin katako kuwa kada a kusance su: suna jawo ɓeraye da ƙwari, in sun jiƙa su yi funfuna, ba kuma za a iya wanke 'yar tsanar ba. A fara cusa hannuwa da ƙafafu, kaɗan-kaɗan, sa'an nan a yi layin ɗinki a gicciye a kafaɗa da ƙugu kafin a cika kai da gangar jiki. Wannan layi shi ke sa gaɓoɓin su lanƙwasu, ta zauna, ta kuma goyu. 'Yar tsanar da ƙafafunta suka sandare ba ta goyuwa, yarinyar ƙasar nan kuwa abin da za ta fara yi da ita ke nan. Wuya a danna shi da kyau. Daga nan a kalmashe bakin ƙofar ciki a rufe.

Fuska da gashi, inda haɗarin yake

Ido da baki da zare za a yi su. Maɓalli da anini da tsakiya da duwatsun ado sun fi ɗaukar ido, amma haƙoran yaro ɗan shekara biyu sun fi zaren da ya riƙe su ƙarfi, abin da ya cire kuma maƙogwaro zai nufa. A Turai da Amurka ƙa'idar da ake bi ga kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba ita ce, duk abin da zai shige cikin bututu mai faɗin baki kimanin milimita 32, watau inci 1 da kwata, bai halatta ya kasance a jiki ba in yana iya cirewa. Kowa na iya naɗe kwali ya yi irin wannan bututu a gida. Akwai wani ɗan iri ja mai baƙin ɗigo da ake kira idon zakara, yara na tsinto shi a daji, ga shi kamar an halicce shi don idon 'yar tsana. Guba ne mai kisa in an tauna. Haka 'ya'yan zurma.

Kada kuma a zana fuska da fenti ko da kwalli. Kwallin gargajiya galibi dutsen dalma ne, wasu fentin ma akwai dalma a cikinsu, ita kuwa dalma ba ta da ɗan kaɗan a jikin yaro. Mutanen Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Kayan kanti ma ba su tsira ba: a 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda fenti mai dalma da ƙananan maganaɗisu masu ɓallewa.

Gashi ana yin sa da baƙin ulu, ko abawa, ko zaren da aka warware daga tsohuwar rigar sanyi. A ɗinke shi a tsagar kai da kuma gefe-gefe, sa'an nan a yi kitso, shuku ko zane, yadda aka ga dama. In ta jariri ce a bar gashi, a ɗinke mata ɗankwali a kai gaba ɗaya. Igiya ko ɗamara kada tsawonta ya kai taƙi guda, don kada ta naɗe wuya ko yatsa. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuwa kada a kwantar da shi barci da 'yar tsana ko wani abu mai laushi kusa da fuskarsa, yana iya toshe masa numfashi. Mai ɗinki ta ƙidaya allurai da fil ɗinta kafin ta fara da bayan ta gama. In allura ta karye, sai an ga guntayen duka biyu kafin a miƙa wa yaro abin.

Launin jikin 'yar tsana ba ƙaramin zance ba ne. Cikin shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam baƙaƙen Amurka, Dakta Kenneth Clark da matarsa Dakta Mamie Clark, sun ajiye 'yan tsana farare da baƙaƙe gaban yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7, suka tambaye su wacce ce mai kyau. Yawancin yaran farar suka nuna. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci binciken nasu a hukuncinta na 1954 wanda ya haramta raba makarantu bisa launin fata. A Ikko, wani ɗan kasuwa, Taofick Okoya, ya je neman baƙar 'yar tsana don ya ba wata 'yar ɗan'uwansa bai samu ba, shi ne a 2007 ya fara fitar da nasa da sunan Queens of Africa. Mai ɗinkin gida ba ta bukatar masana'anta kafin ta yi wannan gyara. Ƙyalle ruwan ƙasa ko ruwan makuba ya isa. Ta ɗaura mata zane da kallabi da gyale, ko iro da buba, ko baƙi da farin saƙar Tibi, ko adiren Abekuta. Malamin da ya jera irin waɗannan a aji ya koya wa yara ƙasarsu tun ba su iya karatun taswira ba.

Dabbobi sun fi mutum sauƙi, yara maza kuma sun fi karɓarsu. Kifi ƙyalle biyu ne kawai. Kunkuru faifai biyu ne da kai da ƙafafu huɗu, bayansa kuwa wurin haɗa guntaye masu launi dabam-dabam. Tsohuwar safa, in an cusa ta aka ɗaure wuya aka tsaga bakinta biyu, ta zama zomo. Ƙwallon tsumma dai kowa ya san shi.

Masu tsara ilimi sun daɗe da gane cewa wasa aiki ne ga yaro. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce ta hanyar wasa za a koyar da yaran da ba su isa firamare ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro, kuma daga 2024 Majalisar ta keɓe 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. Duk da haka ajujuwan ƙananan yara nawa ne a ƙasar nan da babu kome a cikinsu sai allo da benci? Ƙungiyar iyaye da malamai, in ta samu mata goma da buhun ƙyalle guda, za ta iya cika kwandon aji cikin 'yan makonni.

Mai son mai da shi sana'a

Ta fara da kulla yarjejeniya da tela ɗaya ko biyu, ta ajiye musu buhu ta riƙa kwashewa duk mako. In sun ga tana samu za su sa wa ƙyallen kuɗi, wannan kuwa ba zalunci ba ne, masu ɗinka matashin kai ma saye suke yi. Kuskuren da ya fi kashe ƙananan sana'o'in mata shi ne lissafi. Mace ta ƙidaya kuɗin zare da sabulu da gawayin guga, ta ɗora 'yar riba, ta manta da yinin da ta yi tana ɗinki, tana ganin ai tsumma kyauta ne. Bayan wata uku ta gaji ta daina, ta ce sana'ar ba ta da albarka. A rubuta sa'o'in da kowace 'yar tsana ta ci, a yi musu kuɗi kamar yadda tela ke yi wa nasa.

Masu saye suna nan: makarantun ƙananan yara, da masu zuwa barka da suna, da iyaye gab da Salla da Kirsimeti, da baƙi a kasuwar baje koli. Wayar hannu ta sa mace tana cikin ɗakinta a Gusau hoton kayanta ya isa Fatakwal. Sai dai ta guji kwaikwayon surorin zane-zanen talabijin na ƙasashen waje, suna da masu su, dokar haƙƙin mallaka kuma tana kare su. In ciniki ya bunƙasa har ana kai wa kantuna, ta tuntuɓi Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, don sanin ƙa'idojin kayan wasa, da kuma hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN, wadda aka kafa a 2003. Ta kuma liƙa wa kowane kaya 'yar takarda mai faɗin abin da aka cusa a ciki da shekarun yaron da ya dace da shi.

'Yar tsanar tsumma tana bukatar wanki kamar rigar mai ita, musamman bayan yaro ya tashi daga mura ko gudawa ko ƙyanda. A wanke da sabulu, a matse cikin tawul, a shanya a rana kwana biyu ana juyawa, domin ciki yakan daɗe bai bushe ba ko da waje ya bushe. Duk ranar wanki a bi ɗinkin da yatsa, inda ya fara sakewa a kama shi nan take. Yarinyar da ta kai shekara 7 ko 8 za a iya ba ta allura mai kauri ta yi facin da kanta, babba na zaune kusa. In kuwa ta tsufa har uwa na jin kunyar a gan ta a hannun 'yarta, kada a jefar da ita a ɓoye. Sau da yawa wadda ta koɗe ta rasa ido guda ita ce yaro ba ya barci sai da ita. A farke ta, a zubar da tsohon abin cusawa, a sa sabo, a ɗinka mata sabuwar riga a kan tsohon jikin.